Littafin da ke buɗe bakin yaro: yadda ake haɗa shi da yadda ake karanta shi

Daminar 2022 ba ta bar mu yadda ta same mu ba. Ruwa ya ci gonaki da gidaje tun daga ƙasar Ringim har Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, mu ma a ƙauyenmu ɗakunan ƙasa da yawa sun kwanta. Da aka koma makaranta, akwai wata yarinya a ajina, 'yar aji biyu, wadda da zarar hadari ya haɗo daga gabas sai ta sulale ƙarƙashin benci ta toshe kunnuwa. Na ja ta gefe ya fi sau biyar ina tambayarta abin da ke damunta. Amsarta ɗaya ce, kai a sunkuye: "Ba komai, Malama."

Ran nan da daddare na ninke takardu uku, na zana ɗan tsako wanda ruwan sama ya rushe musu akurki, na rubuta layi ɗaya ɗaya a ƙarƙashin kowane zane. Washegari lokacin tara na zauna da ita da ƙawayenta biyu a gindin darbejiya ina karanta musu. Ban kai shafi na huɗu ba ta ɗago kai ta ce, "Malama, shi ma da dare nasu ya faɗi?"

Wannan "shi ma" ɗin ita ce dalilin rubutun nan. Yaron da bakinsa ba zai iya furta "ina jin tsoro" ba, zai iya cewa "ɗan tsako yana jin tsoro", kuma ta nan ake shiga. Mun taso da kunya da kara da dauriya, halaye ne masu kyau, ba na so 'ya'yanmu su rasa su. Sai dai a tsakiyarsu yaro yakan rasa ƙofar da zai fito da abin da ke cinsa. Ana ce wa namiji ba ya kuka, ana ce wa mace ta yi haƙuri, shi ke nan magana ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, wato a hannunmu suke farawa, mu iyaye da malamai da yayye.

Kuma ba baƙon abu ba ne a addininmu a kula da zuciyar yaro. Ƙanin Anas ɗan Malik, wanda ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) da kansa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba.

Ga yadda nake yi, daki-daki.

A fara da kallo

Kada ku ɗauki biro tukuna. Ku ɗauki mako guda kuna lura da yaron da kuke so ku yi wa littafin, ko yaran ajin in aji ne. Yaushe yake yin shiru? Wane wasa ya daina? Me yake sa shi kuka wanda da ba ya sa shi? A karkara abubuwan da suka fi taɓa yara sanannu ne: an yaye shi an kai shi gidan kaka, an haifa masa ƙani kowa ya koma kan jariri, Baba ya tafi cirani Legas ko Fatakwal tun bayan girbi, an kai yayansa almajiranci wani gari, auren iyaye ya mutu an raba shi da uwa, an ba da shi riƙo, an yi rasuwa a gida, yara suna yi masa waƙar amalala saboda fitsarin kwance, ko suna kwaikwayon in'inarsa.

Ku zaɓi abu ɗaya tak. Littafin da ya haɗa fushi da tsoro da maraici a shafi goma sha biyu ba ya kama komai. In matsalolin yaron uku ne, littattafai uku za a yi, a fara da mafi sauƙi.

In akwai wanda aka riga aka buga

Ba dole ne sai kun rubuta da kanku ba. Masu sayar da littattafai a Sabon Gari da kasuwar Kurmi a Kano suna da na yara, ko da yake akasarinsu na koyon karatu ne da tatsuniyoyi da na addini. Wanda ke da babbar waya zai iya duba African Storybook, na wata ƙungiya a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya. Duka biyun kyauta ne, akwai labarai da Hausa a cikinsu, ana iya sauke su a waya ranar da aka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, ko a kai shagon hoton takardu a buga su.

Kafin ku karanta wa yaro, ku karanta shi ku kaɗai da babbar murya. In Hausarsa ta yi muku kamar an ɗauko Turanci an sa masa riga, ku gyara ta da biro a kan takardar, ba laifi ba ne. Ku duba kuma ko rayuwar da ke ciki yaron zai gane ta. Labarin yaron da ya yi fushi ya haye bene ya rufe ƙofar ɗakinsa ba zai yi wa yaron da suke kwana su shida a tabarma ɗaya ma'ana ba. Abu na ƙarshe, ku duba yadda aka ƙare. In a ƙarshe an zane yaron don ya yi kuka, ko an tsorata shi da dodo don ya yi shiru, ku ajiye littafin. Wannan kishiyar abin da muke nema ce.

Ni dai na fi yarda da wanda aka haɗa a gida, domin shi ne yake da akuyar gidanku da rijiyar unguwarku a ciki.

Rubuta labarin

Tauraron labarin kada ya zama yaron da kansa, kada ma ya ci sunansa. Wannan kuskure na taɓa yinsa: na rubuta labarin wani yaro mai yawan faɗa, na ba shi kamanni da halin wani ɗalibina ƙarara. Yaran ajin suka juya suna kallonsa, shi kuma ya kwana biyu bai zo makaranta ba. Sai da na je har gida na ba shi haƙuri a gaban kakarsa. Tun daga nan dabba nake ɗauka: ɗan tsako, ɗan akuya, jaki, bushiya, kurciya. Bushiya tana da daɗin aiki wajen yaro mai kunya, don kowa ya san yadda take dunƙulewa. Gizo kuwa ban cika sa shi ba, saboda yara sun riga sun san shi da wayo da ha'inci, da sun ji sunansa dariya suke jira.

Labarin yana tafiya ne a kan gaɓoɓi biyar, ko da yake ba sai kun ƙirga su da yatsa ba. Da farko a nuna tauraron cikin zamansa na yau da kullum. Sai abin ya faru. Sai a nuna yadda ya ji a jikinsa. Sai ya gwada wata dabara ba ta yi ba. Sai wani babba ko aboki ya saurare shi, su sami abin da zai rage masa nauyi.

Gaɓa ta uku ita ce zuciyar aikin, kuma a nan Hausa ta yi mana gata. Ba mu da ƙarancin kalmomi. Fushi daban, haushi daban, takaici daban. Tsoro ba fargaba ba ne, fargaba ba firgita ba ce, zullumi kuma shi ne wanda yake hana barci tun abin bai zo ba. Akwai kewa, akwai kaɗaici, akwai ƙyashi, akwai ɗoki da zumuɗi. Matsalar ita ce yara da yawa biyu kawai suke ji a bakinmu, "fushi" da "tsoro", sai su tura komai cikinsu. Yarinyar da take kewar uwarta sai a ce tana fushi, a yi mata faɗan fushi, alhali kewa ce.

Sannan Hausa tana faɗin inda abin yake zama a jiki. Muna cewa gabana ya faɗi, jikina ya yi sanyi, cikina ya ɗuri ruwa, wani abu ya tokare min maƙogwaro, zuciyata tana tafasa, tsikar jikina ta tashi. Ku yi amfani da waɗannan, domin yaro yana fara sanin jikinsa kafin ya san sunan abin da yake ji. Ku haɗa biyun a shafi ɗaya: alamar jiki, sannan sunanta.

Ga misalin wanda na yi wa yaran da iyayensu maza suka tafi cirani, shafi-shafi:

Ɗan akuya yana kwana kusa da babansa kullum.
Da aka gama girbi, babansa ya tafi nesa neman abinci.
Da yamma ɗan akuya ya tsaya bakin hanya. Garke ya dawo, babu babansa.
Wani abu ya tokare masa maƙogwaro. An zuba dusa, ya kasa ci.
Ya tunkuyi ƙanwarsa. Abin bai tafi ba.
Ya ɓuya bayan rumbu. Abin bai tafi ba.
Tsohuwar akuya ta zo ta kwanta kusa da shi. Ba ta ce komai ba.
Can ta ce, "Abin da kake ji sunansa kewa. Ni ma ina jinta."
Ɗan akuya ya yi kuka. Tsohuwa ba ta hana shi ba.
Suka samo tsakuwoyi. Kullum da yamma suna ajiye ɗaya a gindin rumbu, don in baba ya dawo ya ga kwanakin da aka yi ana tunaninsa.
Daren nan ɗan akuya ya ci dusarsa. Kewar tana nan, amma ta rage nauyi.

Ku lura baban bai dawo a shafin ƙarshe ba. Da gangan na yi haka. Ban san ranar da uban kowane yaro zai dawo ba, wani ma ba zai dawo ba, kuma littafin da ya yi wa yaro alkawarin da rayuwa ba ta cika ba ya zama maƙaryaci a idonsa. Abin da za ku iya alkawartawa shi ne akwai mai saurare, kuma nauyin yana raguwa.

Haka nan in labarin rasuwa ne. Kada a rubuta "ta yi tafiya" ko "ta yi barci". Yaro ƙarami yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta: zai zauna jiran dawowar mai tafiya, ko ya riƙa tsoron barci. A ce ta rasu, ba za ta dawo ba, Allah ne ya karɓi abinsa, muna yi mata addu'a, kuma ba laifin kowa ba ne. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai sukan ɗauka wani rashin jin da suka yi ne ya jawo mutuwar. A bar tauraron ya yi kuka. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub kuma idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kamar yadda ya zo a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf. Haƙuri da hawaye suna zama a gida ɗaya.

Dabarar da tauraron zai samu a ƙarshe ta zama wadda yaro zai iya yi da kansa ba tare da kuɗi ba. Ga mai fushi, abin da Sunna ta koyar ya isa shafi uku: ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Ga mai tsoro ina koya musu abin da muke kira hura koko: a riƙe kofi a hannu da wasa, a shaƙi ƙamshinsa ta hanci a hankali, a hura shi ta baki a hankali fiye da yadda aka shaƙa, sau biyar. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, kuma babu yaron da bai san hura koko ba.

Tsawon rubutu kuwa, ɗan shekara uku zuwa biyar layi ɗaya a shafi ya ishe shi. Shida zuwa tara layi biyu ko uku. Wanda ya haura goma ya fara jin labarin dabbobi ya yi masa yarinta, shi sai a koma labarin mutum, daga wani gari can daban. Ku bar maimaici a ciki, irin "abin bai tafi ba", don yara suna son wurin da za su amsa tare. Ku guji wa'azi a shafin ƙarshe. Da kun rubuta "darasin wannan labari shi ne", yaro ya san an dawo aji, sai ya rufe.

Zane da ɗinki

Farar takarda irin ta hoton takardu guda uku, in an ɗora su an ninke biyu, suna ba da shafi 12. Guda huɗu suna ba da 16. Ku fara tsara komai da fensir a wata takardar banza, ku san abin da zai zauna a kowane shafi, kafin ku taɓa mai kyau.

Rashin iya zane ba uzuri ba ne. Da'ira da ƙafafu huɗu akuya ce a wurin yaro. Abin da ake bukata ya fito sosai shi ne ido da baki da kunne: kunnuwa a kwance, kai a ƙasa, wutsiya a saɓule. In akwai ɗan aji shida mai hannu, ku ba shi ya zana, zai ji daɗin an san da shi. Kala in babu ta kanti, gawayi yana ba da baƙi, ruwan zoɓo ja, lalle ruwan ƙasa, shuni shuɗi. A shafa kaɗan, a bar shi ya bushe a inuwa don kada takarda ta kumbura.

Rubutu ya zama manya-manya, da baƙar maka ko tawadar allo, a ƙasan shafi. A sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu, don yaron da ke koyon karatu kada ya rikita "ƙasa" da "kasa". A ƙauyuka irin namu yara da yawa sun fi sabawa da baƙaƙen allo, iyaye mata da yawa ma haka, saboda haka nakan rubuta boko a sama, ajami a ƙasa. Wannan kaɗai ya sa littattafaina suka shiga gidajen da da ba za su shiga ba. Abu ɗaya: in za a kawo aya ko addu'a, ni na fi son a faɗe ta da baki lokacin karatu maimakon a rubuta, domin littafin yara yana faɗuwa ƙasa, ana taka shi.

Bango kuwa kwalin taliya ko na sabulu ya wadatar. A yanka shi ya ɗan fi takardun girma, a manna masa farar takarda da ruwan ƙaro ko kunun sitaci. A huda rami uku a kan ninkin da basilla, a shigar da zare mai ƙarfi ta na tsakiya, a fita ta na sama, a tsallaka zuwa na ƙasa, a dawo ta tsakiya a ɗaure. Ɗinki ya fi ƙusar maƙala takarda, wadda take tsatsa da damina kuma tana yankar yatsa. A bi gefen bangon da salatif. Ajiya a cikin bokiti mai murfi ko akwatin ƙarfe, a ɗora a kan wani abu, in ba haka ba gara za ta riga yaran karantawa.

Zaman karatu

Kyakkyawan littafi yana lalacewa a hannun mai gaggawa. Lokacin da yaro yake tsakiyar kuka ko birgima ba lokacin karatu ba ne, a bari ya huce. Bayan sallar isha'i, lokacin da aka saba tatsuniya, shi ya fi, ko da hantsi in an gama aikin gida. Ku zauna a tabarma ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ba gaba da gaba ba. Yaron da aka koya wa kada ya kalli babba cikin ido ya fi sakin jiki in idanunku duka suna kan takarda.

Ku buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", ya amsa "Ta zo mu ji ta". Wannan yana gaya masa ba tuhuma aka zo yi ba. Karatun farko ku wuce da shi kai tsaye, ba tambaya. A na biyu, ko washegari, sai ku riƙa tsayawa. Tambayoyin duka a kan dabbar za su tsaya: "Me kake gani a fuskarsa?" "A ina yake jin abin, a ciki ko a ƙirji?" "Da kai ne abokinsa, me za ka ce masa?" Kada ku ce "kai ma haka kake yi, ko?" Wannan tambayar tana rufe ƙofar da aka sha wahalar buɗewa.

In kun yi tambaya ya yi shiru, ku ƙirga goma a zuci kafin ku ƙara magana. Mu manya shirun yaro yana damunmu, sai mu yi maza mu cike shi da namu bayanin. Sau da yawa a cikin wannan shirun ne maganar take tahowa.

Zai ce a sake. Gobe ma zai ce a sake, har ku gaji. Ku sake. Yarinyar nan ta ɗan tsako sai da muka karanta shi kusan kullum na mako biyu, kuma kullum a shafin da akurki ya faɗi take sa yatsa ta tsayar da ni. A nan ne a hankali ta ba ni labarin darensu: ƙarar da bango ya yi, yadda aka fito da su a duhu, yadda ta kasa ganin ƙaninta na ɗan lokaci.

Akwai wata magana da ta shafi gidajenmu musamman. Uwa da yawa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi a gaban mutane. Ba sai an karya wannan ba. A ba kaka littafin, ko gwaggo, ko yaya, ko kawu, duk wanda yaron ya fi sakewa da shi. Wasan jika da kaka ma wata ƙofa ce da Allah ya ba mu: abin da yaro ba zai gaya wa uwarsa ba yana gaya wa kakarsa cikin raha. In mai karantawar ba ta iya karatu ba, a karanta mata sau biyu, zanen zai tuna mata sauran. Wata tsohuwa da na ba littafin ɗan akuya ta ce min, "Malama, ai wannan tatsuniya ce aka yi wa hoto." Na ce, "Ita ce, Iya." Ta fi ni iya ba da shi nesa ba kusa ba.

A aji kuwa, rukuni na yara biyar zuwa takwas ya fi aji guda. Kafin a fara a yi yarjejeniya: ba a yi wa kowa dariya, kuma abin da aka faɗa a tabarma ba a kai shi filin wasa. Bayan karatu a ba su takarda su zana lokacin da su ma suka ji irin abin da tauraron ya ji, wanda ya ga dama ya nuna, wanda bai ga dama ba ya ninke ya sa a aljihu.

In yaro ya buɗe baki

Wannan shi ne abin da ake nema, amma mutane da yawa a nan suke ɓata aikin. Yaro ya ce, "Ni ma ba na son jaririn nan," sai a zabura: "Kul! Ƙaninka ne fa!" An koya masa ke nan kada ya sake faɗa. Abin da ya fi shi ne ku maimaita masa abin da ya ce da sunansa: "Kana jin an daina kula da kai tun da aka haife shi. Wannan ƙyashi ne, yara da yawa suna jinsa." Sannan a raba ji da aiki: jin haushi ba laifi ba ne, mintsinin jariri laifi ne. Yara suna gane wannan bambancin da wuri in an faɗa musu a natse.

Kada ku yi masa alkawarin ba za ku gaya wa kowa ba tun ba ku ji maganar ba. Ku ce, "Ba zan yaɗa ba. In abin da zai cutar da kai ne, zan nemi wanda zai taimake mu." Kuma kada abin da ya faɗa ya zama abin hira a tsakar gida ko abin gori ranar da ya yi laifi.

Inda littafi ba ya kaiwa

Littafi ba magani ba ne, kuma akwai alamun da in an gan su ba a tsayawa ninke takarda. Yaro ya daina ci ko wasa ko magana har fiye da mako biyu. Yana ramewa. Yana firgita cikin barci kusan kullum. Ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Yana cutar da kansa, ko yana maganar gara ya mutu. Yana jin muryoyi ko ganin abin da babu. Yana suma ko jijjiga.

Matakin farko shi ne asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, domin abubuwa da yawa da ke kama da damuwa daga jiki suke: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, tsutsar ciki, yunwa, ciwon sikila, ko kunnen da ba ya ji sosai har ana cewa yaron ya cika taurin kai. Farfaɗiya ma cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ake shan magani a samu sauƙi, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. In ma'aikacin lafiya ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ku babban asibiti. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na san sunan Dawanau ya zama abin zolaya a bakin mutane, kuma wannan zolayar ta hana iyaye da yawa kai 'ya'yansu da wuri. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da ba a yi shi ne ɗaure yaro, ko dukansa, ko yi masa turaren barkono da sunan fitar da iska.

In kuwa yaro ya nuna tsoron wani mutum guda, ko ya faɗi cewa wani yana taɓa shi inda bai kamata ba, ku gaskata shi, ku raba shi da mutumin a ranar, ku gaya masa ba laifinsa ba ne. Kada ku yi ta yi masa tambayoyi kuna maimaitawa. A kai shi asibiti da gaggawa, cikin kwana uku na farko in da hali, saboda akwai magungunan kariya da ba sa aiki in an wuce wannan lokacin. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da aka ware don irin wannan. Rufa-rufa don gudun abin kunya yana barin yaron da ciwon, yana kuma barin mai laifin da sauran yaran unguwa.

Ranar da za ku tafi asibiti, ku rubuta a takarda yaushe abin ya fara, me ya faru a gida kafin nan, yadda yake ci da yadda yake barci. Ku sa littafin nasa a jaka. Zai riƙe shi a layi, kuma in likita ya tambaye shi abin da yake ji ya sunkuyar da kai, ku buɗe masa ya nuna shafin da yatsa.